Faifan da Ba a Yanke wa Hukunci a Zama Ɗaya

Yana daga cikin mas'alolin da masana kiɗa na ƙasar Ingila suka daɗe suna saɓani a kansu, tun daga ƙarshen shekarun 1960 har ya zuwa yau, ko ya halatta ga mai saurare ya yanke wa faifai hukunci a jin farko, ko kuwa wajibi ne ya yi ta maimaita shi har kunnensa ya saba kafin ya buɗe baki. Kuma babu nau'in kiɗan da wannan saɓani ya tsananta a kansa kamar wanda suke kira rok mai ci gaba, wanda ma'abotansa ke taƙaita sunansa su ce furog.

Asalin al'amarin daga faifan kansa ya taso. A shekarar 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan garmaho mai zagaye talatin da uku da sulusi a minti guda, wanda kowace fuska tasa ke ɗaukar minti ashirin da 'yan kai, alhali ƙaramin faifan da matasa suka fi saye bai cika wuce waƙar minti uku ba. Shekaru da yawa makaɗan rok ba su ɗauki babban faifan nan komai ba face mazubin da ake tara gajerun waƙoƙi, har sai da Beatles suka fitar da Sgt. Pepper a 1967, Moody Blues kuma suka biyo su a wannan shekara da Days of Future Passed, inda suka haɗa jita da ganguna da taron masu goge irin na kiɗan gargajiyar Turai. Daga nan samari suka fahimci cewa fuskar faifai fili ce da mutum zai iya gina abu guda a kanta tun daga baki har tsakiya. Da King Crimson, ƙungiyar da Robert Fripp ke kaɗa wa jita, suka fitar da In the Court of the Crimson King a watan Oktoba na 1969, sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. A 1972 kaɗai, Yes suka cika fuska guda da Close to the Edge mai minti goma sha takwas da ɗoriya, Genesis suka yi Supper's Ready mai kusan minti ashirin da uku, Jethro Tull kuwa suka shimfiɗa waƙa ɗaya tal, Thick as a Brick, a kan fuskokin biyu duka. Abin dariya ma shi ne jagoransu Ian Anderson da nufin ba'a ga masu dogon buri ya yi ta, sai ga shi ta zama ɗaya daga cikin abin da ake kafa hujja da shi.

To, kiɗa irin wannan ba ya ba da kansa ga baƙo. Amshi, wanda shi ne igiyar da mai saurare ke riƙewa a gajeriyar waƙa, ko dai babu shi sam, ko kuwa ya zo sau ɗaya ya ɓace, ba zai komo ba sai bayan minti goma, a cikin wata siffa dabam. Ma'aunin bugun ma ba hurhuɗun da ƙafa ta saba bi ba ne: Pink Floyd sun gina Money a kan bakwai-bakwai, Genesis kuma suna da wani sashe a kan tara-tara, wanda duk wanda ya yi niyyar taka rawa da shi zai tsinci ƙafarsa a sama lokacin da ya kamata ta sauka. Ga kuma Mellotron, wata na'ura mai madannai irin na fiyano, wadda ƙarƙashin kowane madanni akwai zaren rikoda ɗauke da sautin goge ko sarewa na kimanin daƙiƙa takwas, tana ba da wata murya mai sanyi da ban tsoro wadda kunne bai san inda zai ajiye ta ba.

Sai dai abin da ya haifi al'adar maimaitawa, a nawa ra'ayin, talauci ne kafin hikima. A farkon shekarun 1970 faifai guda yakan kai kimanin fam biyu, kuɗin da ɗan makaranta zai yi makonni yana tarawa. Idan kuwa ya saya ya kawo gida, ya zare shi daga kwalinsa mai buɗewa kamar littafi, ya riƙe shi ta gefe don kada yatsa ya taɓa layukan, ya hure ƙura, ya saukar da allura a hankali har ya ji wannan 'yar ƙarar da ke gabatar kiɗa, sa'an nan abin da ya fito bai yi masa daɗi ba, to, ba shi da wani faifan da zai koma gare shi sai wata mai zuwa. Dole ya sake sawa. Tsallake waƙa kuma aiki ne, domin sai ya tashi ya ɗaga allura ya nemi gurbi, tare da haɗarin karce abin da ya sha wuya kafin ya mallaka. Saboda haka yakan zauna ne kawai, zanen Roger Dean na jikin kwalin Yes a kan cinyarsa, yana bin baitoci da ido, har fuska ta ƙare ya tashi ya juya. A ji na biyar ko na shida sai ya lura cewa karin da fiyano ya yi a farko shi ne jita ta dawo da shi a ƙarshe, wurin da ya ɗauka hayaniya ce ashe gada ce tsakanin sassa biyu. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da Risala ya san wannan hali, yadda babin da ya wuce ka a karatun farko yakan buɗe a muraja'a ta uku, ba don an ƙara wa matani ko harafi ba.

Makaɗan da kansu sun ɗanɗani abin da ke biyo bayan jin farko. A watan Nuwamba na 1974 Genesis suka fara zagayen Amurka daga birnin Chicago suna kaɗa The Lamb Lies Down on Broadway tun daga farko har ƙarshe, faifai biyu cur, ga jama'ar da mafi yawansu ba su taɓa jin ko baiti ɗaya daga ciki ba. Mutane suka zauna tsuru-tsuru suna jiran tsofaffin waƙoƙi, masu sharhi a jaridu suka rabu, mawaƙinsu Peter Gabriel kuma ya bar ƙungiyar a 1975. Yau kuwa da wuya a lissafa manyan ayyukan wannan fanni ba a ambace shi a sahun gaba ba. Pink Floyd sun bi ta wata hanya: sun shafe fiye da shekara suna kaɗa The Dark Side of the Moon a gaban jama'a kafin ya fito a watan Maris na 1973, suna gyara shi dare bayan dare, watau su ma maimaitawar ce ta nuna musu abin da ke hannunsu, ya kuwa zauna makonni 741, ya zuwa 1988, a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa na Billboard na Amurka.

Malaman ilmin halayyar ɗan Adam sun yi bahasi a kan wannan. Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan cin karo da abu, shi kaɗai, yana ƙara masa farin jini a zuciya. Daniel Berlyne kuma ya yi bayanin cewa jin daɗi yana hawa ne har wani matsayi sa'an nan ya gangaro, ta yadda abu mai sauƙi ke saurin kai ƙololuwa ya gundure mutum, mai sarƙaƙiya kuwa ya daɗe yana hawa. Masoya furog suna son maganar Berlyne ƙwarai, domin tana wanke su. Maganar Zajonc ce ba su cika son a tuna musu ba, saboda tana buɗe wata shubuha mai wuyar rufewa: idan na ƙi faifai ranar Asabar na so shi bayan wata guda, kyawunsa na gano, ko kuwa sabo ne kurum, wanda Bahaushe ya ce turken wawa ne?

Shubuhar nan ba ta da wurin zama da ya fi Tales from Topographic Oceans, wanda Yes suka fitar a watan Disamba na 1973, waƙoƙi huɗu a kan fuskoki huɗu, aka gina shi a kan wata hashiya da mawaƙinsu Jon Anderson ya karanta a littafin wani malamin Hindu, Paramahansa Yogananda. Ya kai na ɗaya a Ingila, amma mai kaɗa musu madannai, Rick Wakeman, wanda babu wanda ya fi shi maimaita shi tun da kowane dare sai ya kaɗa, bai ƙaru da komai ba sai gajiya. Shi da bakinsa yake ba da labarin daren da, a Manchester, aka miƙo masa abincin Indiya yana kan dandali, ya ɗora a kan na'urorinsa ya yi ta ci, sauran suna can suna fama da wani dogon sashe da ba shi da aikin yi a ciki. Ya fita daga ƙungiyar a 1974. Bayan shekaru ya sassauta, ya yarda akwai wurare masu kyau ƙwarai a ciki, amma bai janye cewa an cusa ciko don a cika fuskokin faifai ba; ni ma dai a nan nake tsaye, domin sashe na uku ban taɓa jin ya gajarta ba komai yawan jinsa.

Da guguwar kiɗan fank ta taso a 1976, da waƙoƙinta na minti biyu da fushinta, sai furog ya zama abin kunya, 'yan jarida suka yi ijma'i a kan cewa girman kai ne da ɓata lokaci. Johnny Rotten na Sex Pistols ya yi suna da wata riga ta Pink Floyd da aka rubuta kalmar ƙiyayya a kanta. Amma a 1977, da gidan rediyon Capital na Landan ya gayyace shi ya zaɓi faya-fayan da yake so, sai ga Peter Hammill a ciki, jagoran Van der Graaf Generator, waɗanda faifansu Pawn Hearts na 1971 bai yi kasuwa a Ingila ba alhali ya kai na ɗaya a Italiya. Ijma'in nan ya ɗauki zamani kafin ya warware, har aka shigar da Genesis zauren girmamawa na makaɗan rok a Amurka a 2010, Yes kuma sai 2017.

Mafi ban mamaki a cikin masu sauya fatawa shi ne Fripp. Faifan King Crimson na uku, Lizard, wanda ya fito a watan Disamba na 1970, ya yi shekaru yana kushe shi a fili, yana cewa ba ya sauraruwa, har yana mamakin masu cewa suna sonsa. A 2009 wani makaɗi da ya taso da jin waɗannan faya-fayai tun yana yaro, Steven Wilson, ya karɓi ainihin zaren rikodar da aka ɗauki aikin a kansu, ya warware muryoyin kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya, ya sake haɗa su ba tare da ya ƙara bugu ko ɗaya ba. Fripp ya zauna ya saurara, shekara talatin da tara bayan ya kaɗa shi da hannunsa, sa'an nan ya bayyana cewa sai a wannan karon ne ya ji kiɗan da ke cikinsa.