Harufa Biyu a Goshin Manhajojin Windows

Yau ɗan tarihi na kawo muku daga nan Ingila, musamman masu tambayata me ya sa manhajar Windows ba ta tashi a kwamfutar Apple, ko me ake nufi in kwamfuta ta ce wani DLL ya ɓace.

Duk fayil ɗin manhajar Windows mai ƙarewa da .exe ko .dll, in ka leƙa cikinsa, harufa biyu za ka fara gani: M da Z. Harufan farko ne na sunan Mark Zbikowski, injiniyan da ya shiga Microsoft a 1981 ya yi aiki a kan MS-DOS. Tsohon tsari, wato .COM da DOS ya gada daga CP/M, ba shi da wani bayani a kansa. Yadda yake haka ake zuba shi cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ba ya wuce kilobayit 64. Shi kuwa MZ yana farawa ne da 'yan bayanai masu gaya wa DOS girman manhajar, da inda za ta fara aiki, da adireshin da za a gyara bayan an loda ta.

A 1985 Windows 1.0 ya zo da tsarin NE, tare da DLL. Dalili kuwa ƙarancin ƙwaƙwalwa ne: maimakon kowace manhaja ta ɗauko nata umarnin zana taga ko buga rubutu, sai a ajiye kwafi ɗaya kowa ya ara. A 1993 Windows NT 3.1 ya kawo tsarin PE, wanda aka gina kan COFF na Unix, aka shirya shi ya yi aiki a injinan Intel da MIPS da Alpha.

Abin da ke burge ni shi ne ba a goge MZ ba. Har a Windows 11, fayil ɗin PE yana farawa ne da 'yar ƙaramar manhajar DOS, wadda aikinta kawai ta rubuta cewa wannan manhaja ba ta aiki a DOS, sannan ta rufe. Daga bayit na 60 akwai lambar da ke nuna wa Windows inda ainihin kan PE yake. Fiye da shekara arba'in ke nan ana yawo da sunan bawan Allahn nan.

Sauran kuwa hanyarsu daban. Linux ya bar tsarin a.out ya koma ELF a tsakiyar shekarun 1990, kuma abin da Windows ke kira DLL, a can .so ne. Apple ya samo Mach-O daga kamfanin NeXT, ya fito da shi a Mac OS X a 2001. Ko da injin iri ɗaya ne, kowace babbar manhaja tsarinta take karantawa, kuma nata ɗakunan aro take da su. Canza wa fayil suna ba ya canza cikinsa.

Aron nan ma ya zo da nasa ciwon kai. A zamanin Windows 95 da 98, sabuwar manhaja kan danne DLL ɗin da wata ke dogaro da shi, sai ka ga tsohuwar ta ƙi tashi. Windows XP, a 2001, ya ba da damar ajiye sigogi daban-daban kafaɗa da kafaɗa, abin ya yi sauƙi.

Ga abin da nake so ƙannena masu gyaran kwamfuta su riƙe: DLL da EXE tsarinsu ɗaya, wata 'yar alama ce a kan PE ke bambanta su. DLL ɗin da ka sauko da shi daga shafin da ba ka sani ba, da zarar wata manhaja ta loda shi, zai iya yin duk abin da manhajar ke da ikon yi. Haka ma fayil ɗin .scr da ake turowa da sunan hoto: in ka leƙa cikinsa, da MZ ya fara.