Lemar da Ke Tsayar da Jirgin Yaƙi

Mutumin Kangire ko Gwaram da ya taɓa zuwa taryar alhazai a filin jirgin sama na Dutse ya san rurin da jirgi ke yi da zarar tayoyinsa sun taɓa kwalta. Inji ne ke juyo da iskarsa gaba don a rage gudu. Yawancin jiragen yaƙi ba su da wannan na'ura, saboda nauyinta zai rage musu kuzari a sama. Shi ya sa wasunsu ke sakin lema ta baya.

Dabarar ta girmi jiragen jet. A 1912 wani ɗan Rasha, Gleb Kotelnikov, ya ɗaura lema a bayan mota, ya sa aka sheƙa da gudu, ya buɗe ta, motar ta ja birki. A 1937 matuƙan Tarayyar Sobiyet suka yi amfani da ita wajen sauka a kan ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya, inda taya ba ta da abin kamawa. Jamusawa ma sun sanya ta a jirginsu Arado 234 gab da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan yaƙin ne ta zama dole. Masu ƙira sun matsa neman gudun da ya wuce na sauti, suka tsuke fukafukai suka karkatar da su baya. Irin wannan fiffike gwani ne a sama, amma ba ya riƙe jirgi idan gudu ya yi ƙasa, don haka jirgin yaƙi irin MiG-21 kan dira da gudun sama da kilomita 250 cikin awa. A bar wa birkin taya kaɗai wannan aiki, sai ya yi zafi har taya ta fashe. Ita kuwa lema, kamar wadda guguwar farkon damina ke fizga daga hannun mutum, ƙarfinta yana cikin ƙarfin iska. Tana cin gudu a daƙiƙun farko, sannan matuƙi ya yar da ita birki ya ƙarasa.

Nijeriya ta karɓi MiG-21 a 1975, sai Jaguar a 1984, sai F-7 ƙirar Sin wajen 2010, sannan JF-17 guda 3 daga Pakistan a 2021, aka girke su a Makurɗi. Dukkansu masu lema ne. Zafin ƙasarmu ma yana ƙara bukatarta, don iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi kan ci doguwar hanya kafin ya tsaya.

Amma lemar tana da wahalarta. Iskar gefe kan ja ta ta karkatar da jirgi. Kuma duk sauka sai wasu sojoji sun bi titin sun ɗauko ta, sun duba igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, sun naɗe ta da hannu. Ba a cika ambatonsu ba, alhali naɗi guda mara kyau ya isa ya hana ta buɗewa, jirgi ya zarce ƙarshen titi.