Gidan Harewood: Asalin Dukiyar Wani Gidan Gandu na Ƙasar Ingila

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin manyan gidajen ƙauye na sarakuna da attajiran Ingila, ta hanyar duba gida guda, wato Harewood, wanda ke arewa da birnin Leeds. An zaɓi kiran irinsa gidan gandu saboda "gidan gona" ya yi masa kaɗan. Gida ne wanda filaye da ƙauyuka da manoma 'yan haya suke ƙarƙashinsa, kuma daga nan mai shi yake samun kuɗin shiga da faɗa-a-ji a majalisar dokoki.

Abin da ya raya waɗannan gidaje shi ne al'adar gado, inda babban ɗa namiji yake gaje gida da ƙasa ɗungurungum, ƙannensa kuwa su nufi aikin soja ko coci ko fatauci. Ta haka gandu ba ya tsattsagewa. Ƙididdigar masu filaye ta 1873 ta nuna kimanin mutum 7,000 ne suke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya.

Sai dai dukiyar Harewood ba daga ƙasar Ingila ta tsiro ba. Henry Lascelles ya yi aikin kwastan a tsibirin Barbados, ya shiga cinikin sukari da safarar bayi, yana kuma bai wa masu gonakin rake rance. Da ribar ya sayi gandun a ƙarshen shekarun 1730. Ɗansa Edwin ne ya gina gidan tsakanin 1759 da 1771, bisa zanen John Carr, Robert Adam ya ƙawata ɗakunan, Thomas Chippendale ya sassaƙa kujeru da tebura, shi kuma Lancelot Brown ya tsara tafki da makiyaya har baƙo ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Rancen nan ya ƙara musu arziki, domin duk wanda ya kasa biya sai gonarsa da bayinsa su koma hannun zuriyar. Da aka zartar da dokar 'yanta bayi a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 don biyan diyya ga iyayen gijin bayi. Magajin Harewood na lokacin ya karɓi sama da fam 26,000 a kan bayi fiye da 1,200. Su bayin ko anini ba su samu ba.

Daga shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta karya darajar noma, kuɗin haya ya faɗi. Harajin gado na 1894 ya biyo baya, sannan yaƙe-yaƙen duniya biyu suka ɗebe magada da barori. Ɗaruruwan gidaje aka rushe, musamman a shekarun 1950. Wasu aka miƙa wa ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, kamar Blickling a 1940. Harewood ya tsira, amma harajin da ya biyo bayan mutuwar mai gidan a 1947 ya tilasta sayar da filaye masu yawa, kuma tun 1986 wani kwamitin amintattu ke kula da ginin.

An daɗe ana nuna wa masu ziyara zane-zane da kujeru ba tare da ambaton rake ba. A ganin marubucin, wannan shiru shi ne babban giɓin tarihin gidajen. Sai a 2020 National Trust ta fitar da rahoto wanda ya alaƙanta wurare 93 da take kula da su da bauta ko mulkin mallaka, abin da ya jawo mata suka daga wasu 'yan majalisa. Harewood ba ya cikin wuraren ƙungiyar. Zuriyar Lascelles ba ta sayar da gonarta ta ƙarshe a Barbados ba sai a 1975.