Tarihin Hukumar Talabijin ta Nijeriya

Asalin talabijin a Nijeriya wata gardama ce ta siyasa. Cikin watan Maris na shekarar 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da batu a Majalisar Wakilai ta Ikko, yana neman ƙasar ta sami mulkin kai cikin 1956. Muhawara ta yi zafi, har wakilan jam'iyyar Action Group suka fice daga zauren. Gwamna Sir John Macpherson ya shiga gidan rediyon gwamnati ya zarge su a kunnen jama'a. Da Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mai da jawabi ta wannan kafa, sai aka hana shi. Tun daga ran nan 'yan siyasa suka gane cewa wanda ba shi da bakin magana nasa na kansa, ko yana da gaskiya, ba mai jin ta.

Tsarin mulki na 1954 ya ba jihohi ikon kafa gidajen watsa labarai nasu. Jihar Yamma ce ta fara cin moriyar wannan dama, ta buɗe tashar WNTV a Badun ran 31 ga watan Oktoba, 1959, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila mai suna Overseas Rediffusion. Jihar Gabas ta bi sawu a Inugu cikin 1960. Cikin 1962 Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta buɗe tata a Kaduna, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa tata a Ikko cikin wannan shekara. Watau dai tashoshin farko ba a gina su don su haɗa ƙasa ba. Kowace jiha ta gina tata ne don ta yi magana da mutanenta, ta kuma kare kanta daga sukar abokan hamayya.

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, gwamnatin soja ta ɗauki darasi daga yadda aka yi amfani da kafafen watsa labarai na jihohi wajen hura wutar gaba. Ga kuma sababbin jihohi kowace tana ɗokin mallakar tasha: Binin ta sami tata cikin 1973, Jos cikin 1974, ita ce ma ta fara nuna hoto mai launi cikin 1975. Saboda haka gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Doka ta 24 ta 1977, wadda aka mai da farkon aikinta baya zuwa watan Afrilu na 1976. Dokar ta tattara dukan tashoshin ƙasar a hannun hukuma guda, wadda aka sani da NTA, ta kuma ba ta ita kaɗai ikon watsa shirye-shiryen talabijin. Injiniya Vincent Maduka shi ne babban daraktanta na farko.

Shekaru goman da suka biyo baya su ne lokacin da tauraruwar hukumar ta fi haskawa. Da ƙarfe tara na dare mutumin Maiduguri da na Fatakwal sukan zauna gaban akwati suna sauraron labarai iri ɗaya daga baki ɗaya. A unguwar da mai talabijin ɗaya ne tak, yara sukan cika ƙofar gidansa tun magariba. Tashoshin suka riƙa musayar wasannin kwaikwayo: The Village Headmaster daga Ikko, The New Masquerade daga Inugu, Cock Crow at Dawn daga Jos, wanda aka shirya don jawo hankalin jama'a ga noman zamani. Daga Kaduna kuwa Usman Baba Pategi ya fito da Samanja, saja-manjan nan mai cakuɗa Hausa da Turancin bariki, wanda ya sa soja da farar hula suka yi dariya tare a zamanin da ba kowa ke iya yi wa mai kaki dariya ba. Ta irin waɗannan wasanni mutane da yawa suka fara ganin yadda ɗan wata ƙabila yake zaune a gidansa.

Amma tsohuwar tambayar nan ta 1953 ba ta mutu ba. Tsarin mulki na 1979 ya mayar wa jihohi ikon kafa tashoshinsu, jihohin da ke hannun jam'iyyun hamayya kuwa ba su yi nawa ba. Gwamna Lateef Jakande ya kafa ta Jihar Ikko, Gwamna Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano. Kukansu ɗaya ne da na Awolowo: tashar tarayya ta zama kakakin jam'iyyar da ke mulki. Cikin 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Doka ta 38, wadda ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Channels ta fara aiki cikin 1995, AIT cikin 1996, daga baya tashoshin tauraron ɗan'adam da intanet suka raba hankalin masu kallo.

Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne bambancin da ke tsakanin tashar gwamnati da tashar jama'a. Gwamnati ce ke naɗa shugabannin hukumar, ita ke ba da kuɗin gudanar da ita, amma kuɗin nan daga aljihun talakawa ya fito, har da waɗanda ba su zaɓi gwamnatin ba. Duk lokacin da hukumar ta nuna wa 'yan ƙasa rayuwarsu, jama'a sun rungume ta. Duk lokacin da ta toshe bakin wani ɓangare, wannan ɓangare ya tafi ya gina tasharsa. Ma'aikacin da ke zaɓen labarin da zai fita da ƙarfe tara yana riƙe da irin hukuncin da aka yanke wa Awolowo cikin 1953, amana ce kuwa mai nauyi a wuyansa.