Faɗaɗa tsohuwar gada domin masu tafiya a ƙasa

Mai karatu, in ka taɓa bin hanyar Zinder zuwa Magariya ran kasuwa, ka san yadda ake matsewa a kan gada. Mota da amalanke da kabu-kabu da mai tallar nono, kowa yana neman wuri ɗaya. Mai tafiya a ƙasa shi ne ba shi da wurin kaucewa, balle da damina, lokacin da Korama ta kawo ruwa.

Tsofaffin gadoji da yawa a duniya da dutse aka gina su, a lanƙwashe. Ka ɗaga kai a cikin soron gargajiya ka dubi bakan gizo: dabarar ke nan. Nauyin da ke sama yana bin lanƙwasar ya sauka a kan ginshiƙan gefe biyu. Shi ya sa irin wannan gada take daɗewa, muddin ruwa bai zaizaye gindinta ba. Aibinta shi ne ƙunci, don ba a gina ta da tunanin tirela ba.

Ba lallai ne a rushe ta ba. Injiniyoyi sukan shimfiɗa kankare mai rodi a kanta, ya zarce gefe-gefe kamar baranda, ya zama hanyar ƙafa. Amma sai an fara duba harsashi, domin an ƙara wa tsohon gini kaya. Wani lokaci a ƙara ginin lanƙwasar a jikin na da. Ko kuwa a yi wa masu tafiya ƙaramin kadarko daban, wanda a ganina ya fi dacewa inda dabbobi suke da yawa.

Gadar Landan ta Ingila da aka buɗe a 1831 an faɗaɗa ta tsakanin 1902 da 1904, saboda masu tafiya a ƙasa. A Yamai kuwa, da gadar Kennedy ta 1970 ta yi kaɗan, sababbi aka gina a 2011 da 2021.

Kafin a faɗaɗa taku, ka riƙa tafiya kana fuskantar motocin da ke zuwa, ka riƙe hannun yaro, da dare ka kunna tocila. Kada a ɗebi yashi a gindin gada. In ka ga tsaga, ko ƙarfen gefe ya karye, ka sanar da mai gari da ofishin magajin gari tun kafin ruwa ya sauka.