Kwatabak na Jiya da na Yau: Mudu Ɗaya Ba Zai Auna Su Ba

A ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake bugawa da ƙwallo mai siffar ƙwai kuma hannu ya fi ƙafa aiki a cikinta, babu ɗan wasan da ake yawan musu a kansa kamar kwatabak. Shi ne mai karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, daga nan ko ya jefa ta gaba, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da ita da kansa. A gasar jami'o'i musun ya fi zafi, domin tarihinta ya haura shekara 150 kuma kowace makaranta tana da gwaninta. Masu musun sukan fara da alƙaluma. Joe Burrow na jami'ar LSU ya yi jifa na yadi 5,671 a kakar 2019, da tacdawun 60, wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya, abin da ke kawo maki shida. Roger Staubach na kwalejin sojan ruwa kuwa yadi 1,474 ya jefa a 1963, da tacdawun 7 kacal. Dukansu biyu sun ɗauki kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon shekara. Wanda ya tsaya a nan zai ce Burrow ya ninka Staubach sau huɗu ko ma sau takwas. A ganina wannan lissafi bai auna mutanen biyu ba, dokoki da tsarin zamaninsu ya auna, domin aikin da ake kira kwatabak ya sake kama aƙalla sau uku, sunan kawai ya zauna daram.

Lokacin da Walter Camp na jami'ar Yale ya kawo sauye-sauyen 1880 da suka raba wasan da rugbi, kwatabak ɗan saƙo ne kawai: ya karɓi ƙwallo, ya miƙa wa wani. Jifa gaba haramun ne. Sai da kakar 1905 ta ci rayukan 'yan wasa kusan ashirin a faɗin ƙasar, Shugaba Theodore Roosevelt kuma ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadar White House, sannan aka halatta jifan a 1906 don a rage cunkoso da turmutsutsu a tsakiyar fili. Amma halattawa ce ta dole, wadda aka dabaibaye da sharuɗɗa. A farko, jifan da ya faɗi ƙasa ba tare da kowa ya taɓa shi ba yakan mayar da ƙwallo hannun abokan hamayya. Ƙwallon kanta mai kumburi ce, da wuya tafin hannu ya kama ta, kuma ba a siranta ta zuwa kusan siffarta ta yau ba sai 1934. Har zuwa 1945 dole mai jifa ya ja baya yadi biyar daga layin da aka fara hari kafin ya saki ƙwallo. Shi ya sa abin da Gus Dorais na Notre Dame ya yi wa kwalejin sojan ƙasa ranar 1 ga Nuwamba 1913, jifa 14 da suka isa hannu cikin 17, yadi 243, a wasan da suka ci 35 da 13, ya girgiza masu kallo. A yau ɗan wasa kan tara yadi 243 kafin a tafi hutun rabin lokaci kuma jarida ba ta ɗaga kai.

Akwai wani abin da masu jera sunaye kan manta. A tsarin da ya mamaye wasan tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, wanda koci Pop Warner ya shahara da shi, mutumin da ake kira kwatabak yawanci mai share hanya ne, yana bangaje masu tsaro, wani daban a can baya ne ke jifa da gudu da bugun ƙafa. Inda aka fi yarda da jifa shi ne jihar Texas, a jami'ar TCU ƙarƙashin Dutch Meyer, wanda ya horar da Sammy Baugh sannan Davey O'Brien. O'Brien ɗan ƙaramin mutum ne, nauyinsa bai kai kilo 70 ba, amma a 1938 ya jefa yadi 1,457 da tacdawun 19, ya ɗauki Heisman, ƙungiyarsa ta gama kaka ba a doke ta ba. Kwatabak irin wanda muka sani, mai tsayawa dab da bayan ɗan tsakiya ya karɓi ƙwallo hannu da hannu kuma komai ya bi ta kansa, ya samo asali ne daga 1940, lokacin da Clark Shaughnessy ya kai sabon tsarin T jami'ar Stanford. A 1939 wasa ɗaya tak Stanford ta ci. A 1940, da kusan 'yan wasan nan dai, har da Frankie Albert wanda a baya ba a ganin wani abin kirki tare da shi, ta ci wasanni goma duka. Albert bai sake hannu ba, kujerar da aka ɗora shi ce ta sake.

Zamani na biyu ya fi kowanne wahalar kwatantawa da yau, domin kwatabak ba ya hutawa. A yawancin shekarun da suka gabaci 1965 dokar canjin 'yan wasa mai tsauri ce, don haka mai jagorantar hari shi ne kuma mai komawa tsaro idan ƙwallo ta kuɓuce. Abin da aka fi tunawa da Johnny Lujack na Notre Dame ba jifa ba ne. A wasansu da sojan ƙasa na Nuwamba 1946 a filin Yankee na New York, Doc Blanchard, ƙaton mai gudun da ya ɗauki Heisman a shekarar da ta gabata, ya ɓalle ta gefen fili babu kowa gabansa sai Lujack. Lujack ya yanko ta tsakiya, ya sunkuya ya kama shi a ƙafafu ya kayar. Wasan ya tashi babu ci, Notre Dame ta zama zakara a kakar, kuma babu wani shafin alƙaluman jifa da ya rubuta wannan kamu. Paul Hornung ma haka: a 1956 tacdawun uku ya jefa, abokan hamayya suka cafke masa jifa 13, ƙungiyarsa ta ci wasa biyu ta faɗi takwas, amma ya ɗauki Heisman, domin shi ne kan gaba a jifa da gudu da bugun ƙafa da dawo da ƙwallo, ga kuma aikin tsaro. Ana iya cewa zaɓen bai yi adalci ba, kuma ina cikin masu cewa haka, tunda Jim Brown na Syracuse, baƙar fata, na biyar ya zo a shekarar. To amma ko wannan ƙorafi yana nuna cewa masu zaɓen wani abu daban suke nema. Ƙari a kan haka, dokar lokacin ta hana koci ba da umarni daga gefen fili, kwatabak ne ke zaɓen dabarar da za a yi a kowane hari da ƙwaƙwalwarsa. Ɗaliban shekarar farko kuma galibi ba sa buga wa babbar ƙungiya sai daga 1972, don haka shekara uku kawai manyan da ke da su na tara alƙaluma.

Daga ƙarshen shekarun 1960 sana'ar ta rabu gida biyu a lokaci guda. A Texas da Oklahoma da Nebraska kwatabak mai gudu ne, aikinsa ya karanta motsin mai tsaro ɗaya cikin ƙiftawar ido, ya zaɓi ko ya riƙe ƙwallo ko ya cilla ta gefe. James Street na Texas ya fara wasa 20 ya ci 20, jifa kuwa sai ta kama dole. Tommie Frazier na Nebraska, a wasan ƙarshe da Florida a Janairun 1996, ya ratsa masu tsaro da suka rirriƙe shi ta ko'ina, kowa ya ɗauka an gama, sai ga shi ya fito ta ɗaya gefen ya yi gudun yadi 75. Aka tashi 62 da 24. A ɗaya gidan kuma LaVell Edwards na BYU ya gina komai a kan jifa, inda Jim McMahon ya yi yadi 4,571 a 1980, Ty Detmer ya yi 5,188 a 1990. Sai tsarin Air Raid na Hal Mumme da Mike Leach ya zo ya ƙarasa aikin. A Texas Tech ƙarƙashin Leach, Kliff Kingsbury da B.J. Symons da Sonny Cumbie da Cody Hodges da Graham Harrell sun biyo juna, kowannensu ya haura yadi 4,000 a kaka guda, kuma babu mai hankalin da zai ce manyan gwanaye biyar ne suka faɗo makaranta ɗaya a jere. An kuma sassauta wa masu kare kwatabak su miƙe hannu su tare mai kawo farmaki, an ƙara yawan wasanni daga tara ko goma zuwa goma sha biyu, kuma sai daga 2002 hukumar NCAA ta fara lissafa wasannin ƙarshen kaka cikin alƙaluman ɗan wasa. Jera waɗannan lambobi kusa da na Staubach daidai yake da kwatanta albashin 1975 da na bana ba tare da tambayar kuɗin buhun masara ba. Burrow da kansa shaida ne: a 2018, a makaranta ɗaya, yadi 2,894 ya jefa da tacdawun 16. LSU ta ɗauko koci Joe Brady ya sake tsarin jifa, sai lambobin suka ninka.

Za a ce duk wannan kewaye-kewaye ne, gaskiyar ita ce 'yan wasan yau sun fi na da girma da sauri da ƙwarewa. Wannan gaskiya ne, kuma babu amfanin musanta ta. Yaron da ya taso yanzu yana da kocin jifa tun yana firamare, yana kallon bidiyon abokan hamayya a kwamfuta, yana da masu kula da abincinsa. Da za a ɗauko O'Brien da jikinsa na 1938 a jefa shi filin yau, da wuya ya kai ƙarshen wasa. Sai dai wannan hujja tana yanka ta gefe biyu. Ɗauki gwanin yau, ba shi ƙwallo mai kumburi da hular fata, hana kocinsa magana, ka kuma gaya masa bayan ya gama hari zai koma ya tare irin su Blanchard. Abin da hujjar ta tabbatar shi ne cewa horo ya ci gaba, ba ta faɗi wanda ya fi hazaƙa ba.

Masu lissafi suna da amsa mafi kyau: a auna kowa da tsaransa, a duba nisan da ya ba matsakaicin ɗan wasan shekararsa. Wannan shi ne awon da na fi yarda da shi, kuma yana ɗaga O'Brien da McMahon sama sosai, kamar yadda yake barin Burrow a sama, tunda ko a zamanin da kowa ke jifa, kashi 76 cikin ɗari na jifansa sun isa hannu. Amma shi ma yana da rami. Su waye tsaran? Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 yawancin manyan jami'o'in kudancin ƙasar ba sa ɗaukar baƙar fata, kuma gasar SEC ta jami'o'in kudu ba ta ga baƙin kwatabak yana jagorantar ƙungiya ba sai Condredge Holloway na Tennessee a 1972. Ko a arewa, inda Sandy Stephens ya kai Minnesota ga zakara a 1960, al'adar ita ce a ɗauke baƙin yaro mai hazaƙa daga wannan matsayi a mayar da shi mai gudu ko mai tsaro. Doug Williams a Grambling ya yi wasa, makarantar baƙar fata da ba kasafai manya ke karawa da ita ba. Wanda ya fi tsaransa a 1955 ya fi ne waɗanda aka bari suka shiga fili.

Saura masu cewa a ƙirga nasara, ko a duba abin da mutum ya zama a gasar ƙwararru ta NFL. Na biyun ba ya buƙatar dogon bayani: Tom Brady ya sha raba lokacin wasa da wani a Michigan kuma na 199 aka zaɓe shi a 2000, Frazier kuwa daskarewar jini a ƙafa ta hana shi shiga NFL, Andre Ware na Houston da ya ɗauki Heisman a 1989 bai yi wani tasiri a can ba. Wasa biyu ne daban. Na farkon kuma yana ɗora wa mutum ɗaya alhakin mutum ashirin da biyu. Patrick Mahomes ya jefa yadi 734 a wasa ɗaya da Oklahoma a 2016, aka doke su 66 da 59, ƙungiyarsa ta gama kaka da nasara biyar da faɗuwa bakwai, kuma ba shi ne ke tsaron gida ba. Inda nasara ke zama hujja shi ne idan aka ga abin da ya faru kafin zuwan mutum da bayan tafiyarsa. Auburn ta ci takwas ta faɗi biyar a 2009, ta ci goma sha huɗu duka a 2010 da Cam Newton, ta koma takwas da biyar a 2011 ƙarƙashin koci ɗaya. Irin wannan shaida ta fi yawan yadi nauyi a wurina, ko da yake ba kasafai tarihi ke bayar da ita a tsabtace haka ba.

Kuma sana'ar tana kan sake kama a gaban idonmu. Daga 2021 ɗaliban suna da damar karɓar kuɗi da sunansu, sauya makaranta ya zama ruwan dare, har kwatabak kan yi wa jami'a biyu ko uku wasa. A 2024 aka amince da saka na'urar magana a hular kwatabak, koci yana yi masa raɗa a kunne har sai saura daƙiƙa 15 a fara hari, abin da a zamanin Lujack laifi ne mai hukunci. A shekarar ce kuma aka faɗaɗa zagayen neman zakara zuwa ƙungiya goma sha biyu, inda Ohio State ta buga wasa 16 kafin ta ɗauki kofi, da Will Howard wanda a kakar da ta gabata rigar Kansas State yake sawa.