Yadda Talotalon Daji Ya Dawo Dazuzzukan Amurka

Daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, idan hunturu ya janye, ƙanƙara ta narke, itatuwa suka soma toho, jihohin Amurka sukan buɗe farautar talotalon daji ɗaya bayan ɗaya, daga kudu zuwa arewa. Sabon shiga yakan tarar da dokoki jingim tun kafin ya taɓa kunamar bindiga. Dole ya yanki lasisi. Ba zai harbi kowane tsuntsu ba sai mai gemu a ƙirji, wanda kusan kullum namiji ne. A yawancin jihohi rabonsa bai wuce ɗaya ko biyu ba, a wasu kuma, irin su New York, rana na take tsaka farautar yinin ta ƙare. Kowace daga cikin waɗannan dokoki tana da tushe a tarihin tsuntsun, wanda shekara ɗari da suka wuce saura ƙiris ya ƙare ƙaf.

Asalinsa da sunansa

Arewacin nahiyar Amurka ne mahaifar talotalo. 'Yan asalin ƙasar Meziko ne suka fara kiwonsa, daga wurinsu Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, kuma daga wannan zuriya talotalon gida da muke gani a kasuwanninmu ya fito. Turawa sun rikita shi da zabon Afirka, wanda fatake ke kai musu ta ƙasashen da Turkawa ke mulki, shi ya sa Ingilishi suka laƙaba masa sunan ƙasar Turkiyya. Har a sunansa na kimiyya, wanda Linnaeus ya raɗa masa a 1758, kalmar farko tsohon sunan zabo ce a harshen Girka.

Na daji ya sha bamban da ɗan'uwansa na gida. Siriri ne, mai kaifin gani, ga gudu a ƙasa, ga tashi sama, kuma a kan bishiya yake kwana. Ana ƙiyasta cewa sa'ad da Turawa suka sauka nahiyar akwai kimanin miliyan 10.

Yadda ya kusan ƙarewa

Gatari da kasuwa ne suka haɗu suka cinye wannan yawa. Baƙin da suka zo daga Turai sun sare dazuzzukan gabashin ƙasar don noma da katako, tsuntsun ya rasa wurin kwana da 'ya'yan itatuwan da yake ci. 'Yan farautar kasuwa kuma ba su san wani lokaci ko iyaka ba. Sukan bi garke da dare su harbe shi a kan reshe, ko su gina keji da gungume, su zuba masara a ramin da ke shiga ƙarƙashinsa, garke guda ya afka. Talotalon daji ya ɓace daga Connecticut a 1813, daga Vermont a 1842, daga Massachusetts a 1851. Zuwa 1920 babu shi a jihohi 18 daga cikin 39 da yake zaune a da. Ana cikin haka wata cutar itace da aka fara ganowa a New York a 1904 ta halaka bishiyoyin cesnat, waɗanda 'ya'yansu ke cikin manyan abincinsa. A shekarun 1930, ƙiyasin abin da ya rage yana tsakanin 30,000 da 200,000, akasari a fadamu da tsaunukan da mutum ba ya iya shiga da sauƙi.

Doka, haraji da gonakin da aka bari

Dokar Lacey ta 1900 ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, abin da ya karya lagon farautar kasuwa. Sai dai hana kisa bai isa ya mayar da tsuntsu inda ya riga ya ɓace ba. Wannan aiki yana bukatar kuɗi, kuma kuɗin ya samu a 1937, lokacin da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunayen Sanata Key Pittman na Nevada da ɗan majalisa Willis Robertson na Virginia. Dokar ta keɓe harajin da ake ɗora wa bindigogin farauta da harsasai, wanda a yau yake kashi 11 cikin ɗari, ta ce a raba wa jihohi don kula da namun daji. Ta kuma gindaya sharaɗi mai nauyi: jihar da ta karkatar da kuɗin lasisin mafarauta zuwa wata hidima ta daban ba ta da rabo. Da haka hukumomin namun daji suka sami kuɗin da 'yan siyasa ba sa iya taɓawa, suka sayi filaye, suka ɗauki masana aiki.

Tsananin talaucin shekarun 1930 shi ma ya taimaka ba da niyya ba. Dubban ƙananan manoma sun bar gonakin da suka gaji da noma, suka nufi birane, daji ya sake rufe su. Mazauni ya dawo, saura mai zama.

Darasin keji

Dabarar farko da hukumomi suka runguma tana kama da abin da ake yi a karkararmu idan aka sa wa kaza ƙwan zabi. Aka riƙa ƙyanƙyashe ƙwai a gidajen kiwo, a raini 'yan tsaki, a sake su a daji. An kashe kuɗi masu yawa shekaru da dama. Wani bincike na 1979 ya tattara sakamakon: sama da tsuntsaye 330,000 aka saki a wurare kusan 800, kuma ƙoƙarin ya faɗi a 760. Tsuntsun da ya tashi a keji bai san mikiya ba, bai san yanyawa ba, bai san inda ake neman abinci idan ƙanƙara ta rufe ƙasa ba. Waɗannan abubuwa a bayan uwa ake koyonsu, cikin watannin da 'yan tsaki ke binta a daji. Wasu ma sun fito da cututtukan gidan kiwo.

Mafita ita ce a kama na daji a kai shi wani dajin, amma kama tsuntsu mai wannan wayo da rai ba ƙaramin aiki ba ne. A 1948 wasu ma'aikata biyu a wurin kare tsuntsaye na Swan Lake da ke Missouri, Herbert Dill da Howard Thornsberry, suka ƙera raga wadda ƙananan igwa ke cilla ta bisa garken dinya. A 1951 Herman Holbrook ya gwada ta a kan talotalo a dajin Francis Marion na Carolina ta Kudu, ta yi aiki. Ana zuba hatsi, a ɓoye, garke ya sauko ci, a tayar da igwa, raga ta lulluɓe shi gaba ɗaya.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar irin da ake bukata. Vermont ta karɓi 31 daga New York a 1969 da 1970. Massachusetts ta karɓi 37 a 1972 da 1973. Jihohi suka shiga musaya: Wisconsin ta ba Missouri wasu tsuntsayen dajinta ta karɓi talotalo daga 1976, lardin Ontario na Kanada kuma ya bi sahu a 1984. A 1973, shekarar da aka kafa ƙungiyar mafarautan talotalon daji ta ƙasa a Virginia, yawansa ya kai kimanin miliyan 1.3. A farkon shekarun 2000 ya doshi miliyan 7.

Dalilin farautar bazara

A da, kaka ce lokacin farautar talotalo a yawancin ƙasar, kuma ana harbin mace da namiji. Masana suka lura cewa namiji ɗaya yana barbarar mata da yawa, kuma ba ruwansa da kwanci ko reno. Mace ce ke saka ƙwai 10 zuwa 12 a ƙasa, ta kwanta a kansu kwana 28. Saboda haka idan an ɗebe wasu maza bayan barbara, haihuwar shekarar ba ta raguwa. Missouri ta buɗe farautar bazara ta kwana uku a 1960, aka kashe 94. Pennsylvania ta fara a 1968. Zuwa 1991 ana yinta a jihohi 49, wato duka ban da Alaska.

Daga wannan halin tsuntsun salon farautar ya fito. Da asuba namiji yakan yi kururuwa daga kan bishiya, mata su zo gare shi. Mafarauci yana neman juya wannan al'ada: ya zauna ya jingina da gindin itace, ya kwaikwayi kukan mace, ya jira namiji ya gaji da jira ya taho da kansa. 'Yan asalin ƙasar sun yi dubban shekaru suna wannan kira da ƙashin fiffiken talotalo, sannan a 1897 Henry Gibson na Arkansas ya yi rajistar ɗan akwatin katako da ake gogawa ya ba da irin sautin. Ana hana sabon mafarauci sa tufa ja, fari ko shuɗi, domin launukan kan namiji ke nan, wani mai bindiga na iya kuskure. Dokar tashi da tsakar rana kuwa an yi ta ne don a rage firgita matan da ke kwanci.

Inda aka kwana

Tun daga tsakiyar shekarun 2000 yawan talotalon daji yana raguwa a jihohi da dama, musamman a kudu maso gabas, inda 'yan tsakin da ke rayuwa suka yi ƙaranci. Masana suna duba lalacewar ciyayin da mace ke ɓoye sheƙa, da yawaitar dabbobin da ke cin ƙwai, da kuma yiwuwar ana buɗe farauta da wuri, a kashe manyan maza kafin su gama barbara. Georgia ta jinkirta buɗewa ta rage rabo daga uku zuwa biyu a 2022, Tennessee ta yi haka a 2023, Kansas kuma ta soke farautar kaka a shekarar. Wanda zai fara fita a bazara mai zuwa zai tarar da lokaci ya gajarta, rabo ya ragu, kuma kuɗin lasisinsa da harajin harsashinsa na cikin abin da ake biyan masu binciken dalilin raguwar.